AMSA GA MATAMBAYA: Rufe Murfin Kwamfuta Da Aiki Bisa Babban Allo

 Cikin takardun da suka iso wannan fili a watan nan akwai guda uku waɗanda maganarsu ta zo ɗaya, biyu daga akawunan ofis, ɗaya daga wani malamin makaranta. Kowannensu yana da kwamfutar nan ta tafi-da-gidanka wadda a ke kira laftof, kuma ya sami babban allo na tebur, watau monita. Abin da su ke so su sani shi ne, ko ana iya rufe murfin ƙaramar a ci gaba da aiki bisa babban allon, in kuwa ana iyawa, ko akwai lahani ga na'urar. Malamin makarantar ya ƙara da cewa shi har ya gwada, amma yana rufe murfi sai babban allon ya yi baƙi ƙirin, ya tsorata ko ya ɓata wani abu.

To, matambayi ba ya ɓata. Ana iyawa, masu ƙera kwamfutar da kansu sun yi tanadin haka. Amma wanda ya hana ta barci ya ɗauki nauyin da murfi ke ɗauke masa a da, saboda haka ya kamata ya san abin da ya ɗauka tun bai taɓa kome ba.

DALILIN BARCINTA

Wannan siffa ta murfi mai kifuwa bisa madannai kamar littafi ta daɗe. Cikin na farko da aka sayar haka akwai wata mai suna GRiD Compass, wadda ta fito a Amurka cikin shekarar 1982, wani Baturen Ingila mai suna Bill Moggridge shi ya tsara siffarta. Da ya ke an yi irinta don a rufe a ɗauka a tafi, sai rufe murfi ya zama alamar an tashi daga aiki. A yawancin na zamanin nan akwai ɗan maganaɗisu ɓoye a gefen murfi, a cikin gangar jikin kuwa akwai wata 'yar na'ura mai jin kusantowarsa. Hikimar da ta ke aiki da ita wani masani na Amurka, Edwin Hall, shi ya gano ta cikin 1879. Da maganaɗisun ya matso sai labari ya kai ga kwamfuta cewa an rufe, ita kuwa ta yi abin da aka umurce ta tun daga masana'anta, watau barci. Shi ya sa wani lokaci in mutum ya aza wani abu mai maganaɗisu a gefen madannai sai ya ga allo ya mutu, ya zaci lalacewa ce. Ashe babu abin da ya sami kwamfutar malam. Umurni ta bi, umurnin kuwa ana iya sake shi.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala? Amfaninta yana ga wuya da ido. Laftof ta zo da aibi tun daga ƙira, domin allonta da madannanta a haɗe su ke. In ka ajiye ta ƙasa inda hannu zai ji daɗi, sai wuya ya sunkuya, in ka ɗaga ta inda ido zai ji daɗi, sai kafaɗa ta ɗauki wahalar. Kan baligi nauyinsa kimanin kilo 5 ne, gwargwadon sunkuyar da shi kuwa gwargwadon abin da jijiyoyin wuya ke ɗauka. Akawun da ya ke duƙe bisa lissafin albashi tun safe har la'asar, da malamin da ya ke shigar da makin yara ɗari uku a ƙarshen zango, su suka san abin da mu ke faɗi. Masana lafiyar ma'aikata sun ce saman allo ya yi daidai da ido ko ya ɗan yi ƙasa kaɗan, nisansa kuwa tsakanin santimita 50 da 100. Wannan ba ya yiwuwa da allon laftof sai an raba shi da hannu. Lafiya kuwa uwar jiki ce.

YADDA A KE YI

Da farko a sami wayar da ta dace da kafar da ke jikin na'urorin biyu. Akwai tsohuwar nan mai shuɗin kai da haƙora 15, sunanta VGA, kamfanin IBM ya fito da ita cikin 1987, hoto kaɗai ta ke ɗauka. Akwai HDMI wadda ƙa'idarta ta fito a ƙarshen 2002, ita tana ɗaukar hoto da sauti gaba ɗaya, kuma ita ta fi yawa a ofisoshinmu yau. Akwai kuma 'yar ƙaramar nan USB-C ta 2014. A nan a yi hankali, domin kafofin USB-C kamanninsu ɗaya amma aikinsu ya bambanta, wata tana fid da hoto, wata ba ta fitarwa. A duba takardar da ta zo da kwamfutar, ko a gwada a gaban mai kanti kafin a biya kuɗi.

Sa'an nan a sami madannai na dabam, watau kibod, da ɓera wanda waɗansu ke kira linzami, tun da na jikin laftof za su shige ƙarƙashin murfi. A haɗa su a tabbata suna aiki tun murfi yana buɗe, musamman marasa waya.

Mai Windows 10 ko 11 ya buɗe "Control Panel", ya shiga "Hardware and Sound", daga nan "Power Options". A hannun hagu zai ga an rubuta "Choose what closing the lid does", ma'ana ka zaɓi abin da rufe murfi zai yi. In ya shiga zai tarad da layin murfi an raba shi gida biyu, gidan "On battery" don sa'ad da ta ke bisa batir, da gidan "Plugged in" don sa'ad da ta ke haɗe da wuta. A gidan wuta kaɗai zai zaɓi "Do nothing", watau kada ta yi kome. Gidan batir ya bar shi a "Sleep", watau barci, yadda ya same shi. Ya adana, sa'an nan ya danne maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin P, ya zaɓi "Second screen only" don hoto duka ya koma babban allo. Shi ke nan, sai ya rufe murfi.

Mai kwamfutar Apple, watau MacBook, ba shi da wannan dogon zagaye. Kamfanin ya ce a haɗa ta da wuta, da babban allo, da kibod da ɓera, sa'an nan a rufe. In allo ya yi duhu a danna maɓalli ɗaya ta farka. Amma mai niyyar allo biyu ya bincika irin tasa tukuna. MacBook Air mai M1 ta 2020 da mai M2 ta 2022 babban allo ɗaya tak su ke ɗauka. Mai M3 ta 2024 tana ɗaukar biyu, amma sai an rufe murfi. Mai M4 ta 2025 kuwa tana ɗaukar biyu ko murfi yana buɗe.

ABIN DA ZA A KIYAYE

Na farko, jaka. Wannan shi ne dalilin da muka ce a bar gidan batir yadda ya ke. Mutumin da ya sa "Do nothing" a gida biyun duka, in ya tashi daga aiki sai ya rufe murfi yadda ya saba, ya cusa ta cikin jaka, ya hau babur. Ita kuwa tana nan a farke, fankarta tana neman iska babu, zafi yana taruwa cikin soson jaka. Ko da ya isa gida sai ya tarad da ita kamar an fid da ita daga murhu, batir ya ƙare ƙaf. In haka ta yi ta faruwa, ƙarshenta sai gun mai gyara. Har wanda ya yi saitin daidai ma kada ya dogara ga murfi. Ya sa ta barci da hannunsa ko ya kashe ta, ya ji fanka ta yi shiru, kana ya zare wayoyi.

Na biyu, zafi. Kwamfuta tana numfashi, tana jawo iska mai sanyi tana fid da mai zafi. Waɗansu ta ƙasa su ke shaƙa, waɗansu har ta tsakanin madannai, da yawa kuma ta wajen mahaɗin murfi su ke fitarwa, rufewa kuwa ta kan rage musu hanya. Kamfanin Apple ya ce a yi aiki da nasa inda zafin ɗaki ke tsakanin digiri 10 da 35. To, mu da mu ke Sakkwato ko Kano ko Maiduguri mun san a watan Afrilu zafin rana ya kan wuce 40, ɗakin kwano marar sili kuwa sai wanda ya zauna ciki. In zafi ya yi wa ƙwaƙwalwar kwamfuta yawa, da kanta ta ke rage gudu don ta tsira, sai ka ga aiki yana jan ƙafa ba ka san dalili ba. Saboda haka kada a aza ta bisa katifa ko darduma, kada a jibga fayil a kanta don an ga ta zama kamar faifai, kada a tura ta cikin aljihun tebur. A tsai da ita a kan mazauni irin wanda a ke sayarwa don haka, ko a ɗaga bayanta da ɗan katako, iska ta riƙa ratsawa. In hunturu ya wuce a sa mai gyara ya hure ƙurar da ta toshe fanka.

Na uku, batir. Batirin laftof abu biyu ke tsufar da shi da wuri, zafi da zama a cike maƙil kullum, mai aiki da murfi a rufe kuwa ya haɗa masa su duka. Kamfanoni irin su Lenovo da Dell da ASUS sun sa wuri a cikin manhajarsu inda a ke iyakance caji, ya tsaya a wajen kashi 80 cikin 100 ko ƙasa da haka, na Apple ma suna da irin wannan dabara. Wanda tasa ke wuni a tebur ya nemi wannan wuri ya kunna. Kuma ko sau ɗaya a mako a buɗe murfi a duba. Batirin da ya lalace ya kan kumbura, alamarsa ita ce wurin shafa yatsa ya taso, ko murfi ya ƙi rufuwa daidai. Wanda bai buɗe ba wata da watanni, ina zai gani? In an ga haka a zare caja, kada a danna, kada a huda, a kai wa masu sani, domin yana iya kamawa da wuta.

Na huɗu, amana, wannan kuwa ya fi shafar akawuna da malamai. A da in ka rufe murfi ta yi barci, mai buɗewa sai ya sa kalmar sirri. Yanzu murfi a rufe ya ke, amma takardar albashi ko tambayoyin jarrabawa suna nan shimfiɗe bisa allo mai inci 24, kowa ya gitta ya karanta. Kowa zai tashi, ko da alwala za shi, ya danne maɓallin Windows tare da harafin L, allo ya kulle. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai ƙananan abubuwa kuma da ya kamata a sani. Kyamara da wurin aza yatsa don buɗewa suna shigewa ƙarƙashin murfi, haka maɓallin kunnawa a yawancinsu, saboda haka in an kashe ta ɗungum sai an buɗe a kunna sa'an nan a mayar. Sababbin MacBook kuwa da an rufe murfi makirufo ɗinsu ya ke yankewa, mai taro ta intanet sai ya nemi na dabam. Kafin a rufe a duba kada a bar biro ko ƙusar takarda bisa madannai, domin allo ba ya jure wannan, kuɗin sake shi kuwa ba kaɗan ba ne. In an ɗauke wuta ana cikin aiki, babban allo ne ya mutu, aikinka yana nan, batir ya riƙe shi. Ka buɗe murfi ka adana, ka ci gaba da ƙaramin allo. A nan laftof ta fi kwamfutar tebur, wadda ta ke mutuwa tare da wuta.

Sauran magana ɗaya, ita ce ko rufewar wajibi ce. Ba wajibi ba ce. Wanda teburinsa ke da faɗi yana iya ɗaga laftof bisa littattafai a gefen babban allo, ya bar ta a buɗe, ya sami allo biyu, wasiƙar da ya ke kwafa a ɗaya, wadda ya ke rubutawa a ɗaya, ita kuma ta fi shan iska. Shawararmu ita ce, mai aikin rubutu da lissafi a ɗaki mai fanka ko mai sanyi ya rufe abinsa ba fargaba, in dai ya kiyaye abubuwa huɗun nan. Mai aiki mai nauyi, kamar haɗa hotuna masu motsi, ko wanda ke ɗaki mai zafi a tsakiyar bazara, ya bar murfi a buɗe har damina ta faɗi. Ma'auni kuwa yana hannunka. In ka ji fanka tana ta kuka ba hutawa, ko ka taɓa bayanta ka ji hannu ba ya iya daɗewa, to, ta gaya maka abin da ta ke so.

Malamin makaranta da akawuna biyu, ga amsarku. Wanda ya gwada ya ga wani abu dabam a irin tasa kwamfutar, ya rubuto mana da sunan irinta, don 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba mu lafiya da ikon riƙe amana, amin. Haza wasalam.

Naku,
Mai Amsa Tambayoyi