Ranar farko a Akra: a kai yaranmu kasuwa, ba wurin ɗaukar hoto kaɗai ba

A babban hutun da ya wuce, wata makarantar sakandare ta nan yankinmu ta kai ɗalibanta yawon buɗe ido Akra, babban birnin Gana, wanda iyayenmu fatake ke kira Ankara. A cikinsu akwai ɗan wana, yaro mai shekara 17, wanda ubansa ya fi shekara ashirin yana loda albasa daga Galmi zuwa ƙasar. Da ya dawo na zaunar da shi ya ba ni labarin ranarsu ta farko, kuma abin da na ji ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Da safe an kai su filin tunawa da Kwame Nkrumah, inda kabarinsa yake, wurin da ya tsaya ya shelanta ƴancin kan Gana ranar 6 ga Maris 1957. Daga nan suka wuce dandalin Black Star da aka gina a 1961, sannan tsohuwar unguwar Jamestown, inda suka ga hasumiyar da ke yi wa jiragen ruwa jagora da ganuwoyin da Turawa suka gina a bakin teku tun zamanin cinikin bayi. A nan ne akasarinsu suka fara ganin teku da idonsu. Da la'asar kuwa aka zube su a wani katafaren kanti mai sanyi, suka sha hotuna har magariba.

Sai na tambaye shi: nawa ake sayar da buhun albasa a can? Jika guda ta sefa sidi nawa ce a hannun ƴan canji? Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai ba a kai mu kasuwa ba."

Ba ina raina wuraren tarihi ba ne. Yaron da ya taso a Sahel ya dace ya ga teku, ya kuma san wane ne Nkrumah. Amma abin da aka fara nuna wa baƙo a gari, shi yake ɗauka a matsayin garin. Ranar farko ido a buɗe yake, gajiya da kewar gida ba su sauka ba tukuna. Idan aka cinye ta a gaban gine-gine da kantuna, darasin da yaro zai ɗauko shi ne birnin na masu kuɗi ne, shi kuwa ɗan kallo ne. Alhali kuɗin motar da ta kai shi daga kasuwar wannan birnin suka fito.

Hausawa ba baƙi ba ne a Gana. Tun kafin Turawa su shata iyakoki kakanninmu ke zuwa Gwanja fataucin goro, suna sauka a Salaga. Unguwar Sabon Zango ta Akra, Malam Baƙo ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 20, kuma har yau mutum zai yini a Nima yana ciniki da Hausa. Albasar Galmi ta daɗe ana sauke ta a Agbogbloshie, kafin hukuma ta mayar da ƴan albasa Adjen Kotoku, a wajen gari, cikin 2021. Tashar jiragen ruwa ta Tema, wadda aka buɗe a 1962, tana nan gabas da birnin, tafiya kaɗan a mota. Yaron da ya tsaya awa biyu inda ake sauke buhuna, ya ga yadda dillali ke yanke farashi, ya ga albasar da ta ruɓe saboda daɗewa a hanya, zai fahimci dalilin da ubansa ke kwana ba barci idan mota ta maƙale a iyaka. Gani ya kori ji.

Akwai kuma darasi mai ɗaci da ya kamata a gaya musu a can. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardun zama, dubban mutanenmu suka baro shaguna da gidaje suka dawo hannu rabbana. Duk mai niyyar neman abinci a ƙasar wani ya san darajar takarda tun yana yaro.

Wasu malamai za su ce kasuwa akwai cunkoso da ƴan sane, kuma amanar yaran mutane ke wuyansu. Gaskiya ne. To amma a raba su gida-gida, kowane rukuni da malami ɗaya da ɗan gari ɗaya. Wasu iyayen kuma za su ce sun sa ɗa lakwal ne don ya tsere wa wahalar kasuwa. Ni kuwa ina ganin ko ma'aikacin duwan ya zama, ko na banki, sanin yadda kaya ke tafiya zai sa ya ji tausayin mai kaya.

Laifin ma ba na malamai ba ne su kaɗai. Mu ƴan kasuwa mukan biya kuɗin tafiya mu juya baya, ba mu tambayi tsarin ziyarar ba. Bayan kuwa kusan kowane babban ɗan kasuwa a nan yana da maigida ko dillali a can, wanda waya ɗaya ta isa ya tarbi yaran ya zagaya da su.

Don haka, Alhazai da Hajiyoyi, idan aka kawo muku takardar tafiya ta gaba, kafin ku sa hannu a aljihu ku nemi a karanta muku jadawalin ranar farko. In babu kasuwa a ciki, ku ce a saka, ku kuma ba da lambar wanda zai tarbe su. Da safe su ga Nkrumah da teku, da rana su je inda guminku ke sauka.