An bar jaki ana dukan taiki: sakin layi da koyon Ingilishi a Damargu

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BEPC ya fito, kuka ɗaya ake ji daga bakin malamai da iyaye: yaranmu ba su iya rubuta Ingilishi ba. Maganin da ake kawowa shi ma bai canza ba: a ƙara awoyin darasi, a ƙara jerin kalmomin hadda, a ƙara nahawu. Ni kuwa ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Yaron da ya kasa haɗa jimloli biyar na Ingilishi su zama magana ɗaya mai kai da gindi, ku ba shi takarda ya gwada da Faransanci, za ku tarar ya kasa. Ku ce ya rubuta da Hausa, za ku tarar ba a taɓa neman haka daga gare shi ba. Ciwon ya riga malamin Ingilishi shiga aji.

Batun ya fi ƙarfin a bar shi ga hirar ɗakin malamai. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya kuma mai da Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Ga mutanen Ollelewa, a gundumar Tanut, wannan ba labarin nesa ba ne. A ƙasarsu aka gina matatar man fetur ta SORAZ, wadda ta fara aiki a watan Nuwamba 2011, kuma kowa ya san yawancin takardun sana'ar man fetur a duniya da Ingilishi ake rubuta su. Hanyar da ta ratsa Bakin Birji zuwa Damagaram ita ce ta miƙe har Kano, inda ɗalibi ko ɗan kasuwa zai gamu da takardun da ba su san Faransanci ba. Saurayin Damargu da bai iya rubuta wasiƙar neman aiki mai sakin layi uku ba zai tsaya bakin ƙofa yana kallo, ɗan wani gari ya shige.

To, bari mu bi sawun wannan yaro. A gida da Hausa yake tashi, ko da Fulatanci, Barbarci ko harshen Buzaye, sannan Hausa a kasuwa da bakin rijiya. Ranar da ya shiga makarantar boko, sai a mafi yawan azuzuwa a tarye shi da Faransanci, harshen da bai taɓa ji a bakin uwarsa ba, a ce da shi zai koyi karatu da lissafi. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ɗaliban Nijar da ke ƙarshen firamare ne suka kai mizanin da ake buƙata a karatu. A 2019 adadin ya hau zuwa wajen kashi 30 cikin 100. An ci gaba, babu musu, amma har a lokacin bakwai cikin goma ba su kai ba. Daga cikin irin waɗannan yara ne ake cika ajin farko na kwaleji, inda harshe na uku ke jiransu. Bayan shekara huɗu a ce su rubuta sakin layi da shi. Wane magini ne ke aza hawa na uku bisa ginin da ba a haƙa wa tushe ba?

Mene ne ma sakin layi? Dami ne. Manomin Damargu ba ya zuba zangarniyar gero barkatai a bakin rumbu. Yana jera kawunan, ya ɗaure su da igiya ɗaya, kuma ba ya cusa dawa cikin damin gero. Haka sakin layi yake: magana guda, a faɗe ta a jimlar farko, a tallafe ta da dalilai da misalai, a ɗaure da jimlar ƙarshe. Yaron Ollelewa ya san wannan tsari tun kafin ya riƙe alƙalami. Ya zauna gefen dandali ya ji yadda ake sasanta manomi da makiyayi a gaban maigari: mai ƙara ya faɗi da'awarsa, ya kawo hujja, shaidu su yi magana, a yanke hukunci. Ku tambaye shi da Hausa dalilin da ya sa ake shuka gero fiye da masara a garinsu. Nan take zai ce gero ya fi dacewa da ƙasarsu, don jigawa ce, don damina gajeruwa ce, don gero na jure ƙishirwa, don yana daɗewa a rumbu. Saboda haka ne kowane gida ya dogara da shi. Ga sakin layi cikakke ya fito daga bakinsa. Abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa abin da ya yi yanzu yana da suna, yana da siffa bisa takarda, kuma siffar nan ba ta canzawa ko da harshe ya canza.

Maimakon haka me muke yi? Muna rubuta misalin sakin layi a allo, yara su kwafe, su haddace, ranar jarrabawa su amayar da shi ko ya dace da tambaya ko bai dace ba. Wanda hadda ta kuɓuce masa sai ya yi tunani da Hausa, ya juya kalma bayan kalma zuwa Faransanci, ya sake juyawa zuwa Ingilishi, abin da zai iso takarda ya zama jerin jimloli marasa dangi, kowace na kallon gabanta. Laifin ba na littafi ba ne. Littafin English for the Sahel da ɗalibai da yawa suka yi karatu da shi ya yi ƙoƙarin kawo rayuwar ƙasarmu cikin darasi. Sai dai littafin harshe kalmomi da jimloli yake bayarwa, shirya tunani kuwa aiki ne da ya kamata a fara da harshen da yaro ke tunani da shi.

Na san abin da za a ce. Za a ce lokacin Ingilishi kaɗan ne, duk mintin da aka ba Hausa an sace shi ne daga Ingilishi. Wannan ita ce hujjar da ta haifi «sambol» na zamanin da, lokacin da ake rataya wa yaro abin kunya a wuya don ya yi harshen uwarsa a farfajiyar makaranta. Masu wannan hujja sun ɗauki kan yaro kamar tulu, in an zuba wannan sai wancan ya rasa wuri. Masanin ilimi Jim Cummins ya bayyana tun 1979 cewa ƙwarewar karatu da rubutu da aka gina a harshen farko tana ƙetarawa zuwa harshe na biyu. A Najeriya, gwajin Ife da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, bai hana su iya Ingilishi ba. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan hanya: a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. Tun 1964 Abdou Moumouni ya yi wannan kira a littafinsa kan ilimi a Afirka. Mun sa sunansa a jami'ar Yamai, muka bar shawararsa a kan kanta.

Sai batun bitar rubutu, inda ɓarnar ta fi yawa. A wurinmu gyara aikin malami ne shi kaɗai, makaminsa kuwa jan biro. Mu yi lissafi. A ce malami na da aji huɗu, kowanne da ɗalibi 70: takarda 280 ke nan. In ya ba kowace minti biyar, ya ci fiye da awa 23 kan aiki guda. Saboda haka sai ya rage ba da aikin rubutu, kuma in ya bayar, ɗalibi ya karɓi takardarsa ta yi ja kamar an yanka kaza a kai, ya dubi makin, ya ninke ta. Wanda ya koyi gyara a nan shi ne malamin, wanda dama ya iya. Alhali a ɗakin jarrabawa, ko ranar rubuta wasiƙar neman aiki, babu malami a kusa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bitar rubutu darasi ce da ake koyarwa kamar kowane darasi, kuma ba ta buƙatar kuɗi. A koya wa ɗalibi ya karanta abin da ya rubuta sau uku, kowane karatu da abin da yake nema. Karo na farko ya tambayi kansa: magana ɗaya nake yi, ko dawa ta shiga damin gero? Karo na biyu ya karanta a bayyane, a hankali, don kunne na kama abin da ido ya tsallake, kamar yadda almajiri ke biya allonsa kafin a ba shi izinin wankewa. Karo na uku ya fara daga jimlar ƙarshe ya yo baya, yana duban aya, waƙafi da babban baƙi kawai. Daga nan ya musanya takarda da na kusa da shi. Malami kuma ya daina rubuta gyara; ya sa alama a gefen layi, ɗalibi ya nemo kuskuren da kansa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kurakuran yaranmu ma ba su da yawan da muke zato, kuma yawancinsu sananne ne inda suka fito. Mai rubuta «I have fifteen years» Faransanci ne ya ja shi, don can ana «mallakar» shekaru. Mai rubuta sunayen ranaku, watanni da harsuna da ƙaramin baƙi yana bin ƙa'idar Faransanci, alhali Ingilishi babban baƙi yake so. Mai ɗaukar «library» a matsayin shagon sayar da littattafai kamannin kalma ne ya yaudare shi. Mai rikita p da f kuwa Hausarsa ce ke magana, tunda ba ta bambanta su. In malamin Ingilishi ya zauna da na Faransanci awa ɗaya, za su fitar da jerin kurakurai goma, a manna a bangon aji, kowane ɗalibi ya riƙa auna rubutunsa da shi. Abin mamaki, ɗalibi ɗaya suke koyarwa, ɗaki ɗaya suke shan shayi, amma kowa na noma gonarsa kamar ba iyaka ɗaya suka haɗa ba.

Ba zan bar mu masu kishin Hausa ba. Mun yi guɗa a 2025, amma ku dubi allunan shaguna da sanarwar ƙungiyoyinmu. Tun 1999 hukuma ta tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar, duk da haka muna rubuta «kasa» muna nufin «ƙasa», «fada» muna nufin «faɗa», muna haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Wanda bai damu da ƙugiyar ƙ a harshensa ba, da wane baki zai tsawata wa yaro don ya manta s a ƙarshen aikatau na Ingilishi? Kula da rubutu hali ne guda. In an same shi a harshe ɗaya, yana bin mai shi zuwa sauran.

Akwai tambaya mai nauyi da ta cancanci amsa: yaran Damargu da Hausa ba harshen gidansu ba ce fa, daga rugage da zangunan Tanut da Belbeji? Ƙa'idar ba ta canza ba. A bar kowane yaro ya shirya tunaninsa da harshen da ya fi ƙarfi a bakinsa, ya faɗa wa abokinsa, sannan ya rubuta. Abin da nake karewa shi ne haƙƙin yaro na yin tunani kafin a tilasta masa fassara.

Saboda haka, ƴan'uwana malamai, kada mu jira wata takarda daga Yamai. Kafin kowane aikin rubutu, a ba ɗalibai minti goma su tsara maganarsu da baki: me zan ce, mene ne dalilaina uku, da me zan rufe. Malaman harsuna na kowace kwaleji su yarda da siffar sakin layi guda da alamomin gyara guda. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin al'adu, kusa da gasar waƙa da wasan kwaikwayo ku buɗe gasar sakin layi ɗaya cikin harsuna uku, a ba da kyauta ga wanda ya fi iya gyara nasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kundi ya ba Hausa matsayi, ya ba Ingilishi aiki. Mu ne za mu ba yaron Ollelewa hannun da zai rubuta su duka biyu.