Ƙwayar Sukari Ba Ta Maganin Kuturta

Mutumin Yerwa da ke neman abinci a Agege ko Sabon Badun ba ya rasa saƙo daga gida. Wani lokaci saƙon shi ne, wani tabo mai haske ya fito wa yaro a baya, an shafa mai iri iri ya ƙi tafiya. Uban kuwa, don tausayi, sai ya tafi wajen masu maganin homiyofati, ya sayi 'yan ƙwayoyi farare a kwalba, ya ba direban Maiduguri. Niyya kyakkyawa ce, amma akwai haɗari a ciki.

Wani likitan Jamus, Samuel Hahnemann, shi ya ƙago wannan hanya a 1796. Ana ɗaukar ɗigo ɗaya na magani a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa, a girgiza, a sake ɗibar ɗigo ɗaya a yi masa haka, wani lokaci har sau 30. Bayan na 12, da wuya a sami ko ɓurɓushin maganin. Wannan ruwan ake ɗigawa a kan ƙwayar sukari. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta duba binciken da aka yi, ta ce babu wata cuta da aka tabbatar hanyar tana warkarwa.

To, idan tabon ƙyasfi ne, kuɗi kaɗai aka yi hasara. Amma tabon da aka taɓa mai shi bai ji ba, sau da yawa farkon kuturta ne. Cutar tana cin jijiyoyi a hankali, jijiyar da ta mutu kuwa ba ta dawowa. Kowane wata da aka ɓata ana shan sukari, yatsun yaro ake sa wa a caca. Mutanen Borno sun san wannan, gama ga Molai nan a hanyar Damboa, wadda aka daɗe da saninta da asibitin kutare.

Kuturta tana warkewa sarai. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da haɗin magunguna uku, ana sha wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Gaskiya ne a 2024 maganin ya yanke a Nijeriya, bai iso ba sai Maris 2025. Wannan laifi ne da ya kamata hukuma ta ji kunyarsa, amma bai mai da sukari magani ba.

Saboda haka kuɗin kwalbar nan, gara a aika da shi gida a matsayin kuɗin mota. A kai yaron Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ko asibitin gwamnati mafi kusa, likita ya duba tabon da idonsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, amin.