Ƙuri'ar da Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kanta

A zaɓen tarayya na 1959, matan Kudancin Najeriya sun bi layi sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa suna gida. Jam'iyyar NPC mai mulki ta ce lokaci bai yi ba. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, zamanin soja, aka buɗe musu ƙofa, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar. Kafin a kai nan, akwai wata mata a Sabon Garin Zariya da ta sha duka da ɗauri saboda wannan ƙuri'ar.

Hajiya Gambo Sawaba, sunanta na yanka Hajaratu, an haife ta a 1933. Mahaifinta mutumin Ghana ne, mahaifiyarta Banufiya. An aurar da ita tana shekara 13, don haka in ta yi maganar auren wuri, ba labari aka ba ta ba. Tana 17 ta shiga NEPU, jam'iyyar talakawa ta su Malam Aminu Kano, a lokacin da maza masu gemu ke ɓoye katinsu don tsoron 'yan doka da kotun alƙali. Ta zama shugabar mata. Ta je har Abeokuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan kasuwa suka yi bore kan haraji har Alake, sarkin garin, ya sauka daga sarauta a 1949. A Kano kuwa gida-gida Gambo ta riƙa bi, tana zama da matan kulle tana yi musu bayanin abin da ake yankewa a kansu a waje. Aka kama ta, aka kore ta daga garin. Sau 16 aka kai ta kurkuku. An yi mata bulala, an aske mata kai don a wulaƙanta ta. Tana fitowa sai ta koma inda ta tsaya.

Yau in yarinya ta buɗe baki a Facebook kan haƙƙin mata, nan take a ce mata 'yar feminis, an ɗauko ta daga Turai ta zo ta rusa aure. Gaskiya akwai masu haddace maganar waje, ba su san halin da matar ƙauye ke ciki ba in naƙuda ta kama ta cikin dare babu mota. Amma Gambo ba ta yi boko mai zurfi ba, balle a ce Bature ya hure mata kunne. Abin da ta tsaya a kai abu ɗaya ne, kuma a ganina shi ne ainihin rajin 'yancin mata: kada a zauna a yanke rayuwar mace alhali ba ta wurin. Wa za ta aura, yaushe za a cire ta daga makaranta, ina rabonta na gado ya shiga, wa zai ci da 'ya'yan bayan saki. Musulunci ya ce a nemi izininta kafin aure, ya yanka mata kasonta na gado. Mu ne muke zama a zaure mu gama magana, sannan a aika yaro ciki ya faɗa mata.

Gambo ta rasu a 2001. Akwai asibiti a Ƙofar Gayan, Zariya, da ke ɗauke da sunanta, muna wucewa ta gabansa muna yi mata addu'a, wannan ba wuya. Wuyar tana majalisa. A watan Maris na 2022, 'yan majalisar tarayya suka yi fatali da ƙudirori biyar da suka shafi mata, har da na ware musu kujeru, mata suka tare ƙofar majalisa kwana da kwanaki. Bayan zaɓen 2023, cikin sanatoci 109 mata huɗu ne kacal, kuma babu ko ɗaya daga Arewa maso Yamma ko Arewa maso Gabas.