Martani: Wa Poncke Princen ya ci wa amana?

Marubucin da ya kira Poncke Princen maci amanar ƙasar Holan ya karanta rabin tarihi ne ya rufe littafi.

Princen, haifaffen birnin Hague a 1925, yana matashi 'yan Nazi suka kama shi a 1943 yana ƙoƙarin tsallakawa Ingila don ya yaƙe su. Ya ɗanɗani kurkukunsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ƙasarsa ta sa masa kaki, ta tura shi Indunusiya murƙushe masu neman 'yanci. A 1948 ya tsere ya koma ɓangarensu.

Nan marubucin ya tsaya yana huci. Me ya hana shi ambaton Rawagede, ƙauyen da sojojin Holan suka harbe mazajensa ɗaruruwa a Disamban 1947? Kuma ai a 2022 Firaministan Holan Mark Rutte da bakinsa ya nemi gafara kan ta'asar yaƙin na Indunusiya.

Wai kwaɗayi ya kai shi? Kwaɗayin gidan yari ke nan, don shugaban Indunusiya Sukarno ya ɗaure shi, magajinsa Suharto ma ya ɗaure shi saboda kare haƙƙin ɗan Adam. A Jakarta ya rasu a 2002.