Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Noma, Sanata Abubakar Kyari: A Faɗa wa Manomi Doka Kafin Ya Yi Shuka

Ranka ya daɗe,

Wannan wasiƙa ta fito ne daga kudancin Kano, ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta ratsa dajin Falgore ta nufi Jos ya san abin da ke riƙe da wannan yanki: shinkafar Tudun Wada, masarar Doguwa, da jama'ar da ke ci a tsakanin gona da kasuwa, daga mai injin casa da mata masu turara shinkafa, zuwa dillali da ɗan dako da direba. Kukan waɗannan mutane ɗaya ne. Sun iya jure tsada, sun iya jure araha, abin da ke karya musu jari shi ne dokar da ke sauyawa bayan sun riga sun zuba kuɗinsu.

A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da shinkafa dalar gwamnati, aka kuma ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a Kebbi. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa. Saƙon a fili yake: ku noma, ku kafa injina, kasuwa taku ce. Mutane suka amsa, wasu suka sayar da shanu suka sayi injin casa, wasu suka ci bashi suka faɗaɗa gona. Sai a 2023 aka cire tallafin man fetur, aka saki darajar naira, aka kuma ɗage wancan takunkumi na dala. A watan Yulin 2024 kai da kanka ka sanar da dakatar da harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na tsawon kwana 150. Yuli tsakiyar damina ce. Manomin Doguwa ya riga ya sayi taki da tsada, ya biya kuɗin huɗa da noma, iri ya tsiro, ba shi da hanyar komawa baya. Da farashin hatsi ya faɗi a 2025, taki da maganin feshi da kuɗin mota ba su sauko tare da shi ba. Dillalin da ya sayi shanshera da kuɗin banki, a lokacin da Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, sai ya wayi gari uwar kuɗinsa na zagwanyewa a cikin sito.

Za a ce gwamnati ba ta da zaɓi, domin a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, magidanci a birni ya kasa auna kwano. Wannan gaskiya ce, kuma babu mai imanin da zai so yunwa ta zama ribarsa. Sai dai arahar da ta samu ta hanyar asarar manomi ba ta daɗewa. Wanda ya faɗi a masara bana zai rage ta baɗi, ya koma waken suya ko dawa waɗanda ba sa cin taki sosai. Idan noman gida ya ragu, tsadar za ta dawo, kuma a lokacin da dala za mu sayi abincin, dalar da ita ce ta jawo mana tsadar tun farko. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomin da jarinsa ya ƙare ba zai ciyar da birni ba.

Za a kuma ce 'yan kasuwa ne ke ɓoye hatsi, don haka faɗuwarsu hukunci ne da ya dace. Akwai masu haɗama, a hukunta su. Amma ajiya kanta ba laifi ba ce. Hatsi sau ɗaya yake zuwa da yawa, da kaka, ana kuma cinsa wata goma sha biyu. Dole wani ya saya a Nuwamba ya riƙe zuwa Yuni. Idan aka tsorata mai wannan aiki ya janye, da kaka manomi zai rasa mai saye, da bazara kuma kasuwa ta rasa kaya.

Abin da muke roƙo uku ne. Na farko, duk wani sauyi a harajin shigo da hatsi a sanar da shi kafin ruwan shuka, a kuma ɗaure shi da ƙa'ida sananniya: idan buhu ya wuce farashi kaza za a buɗe ƙofa, idan ya sauko za a rufe. Na biyu, gwamnati ta tsayar da mafi ƙarancin farashi tun kafin damina, ta sayi rarar da kaka ta zuba a rumbunanta, ta fitar idan abinci ya yi wuya. Indiya tana yin haka tun shekarun 1960. Masu tsoron almundahana suna da hujja, maganinta kuwa shi ne a yi sayen a kasuwa a bainar jama'a, kuɗi ya shiga asusun manomi kai tsaye. Na uku, a sauko da kuɗin noman kansa. Ƙasar da ke sarrafa takin yuriya a Legas da Eleme har tana fitarwa waje bai kamata manominta ya kasa sayen buhu ba.

Ranka ya daɗe, a Bebeji madatsar Tiga take. An kammala ta a 1974 a zamanin Audu Baƙo, kuma har gobe ruwanta ne ke raya noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam. Manomi ya amince da ita ne domin ya san ruwan zai zo a lokacinsa, shi ya sa yake zuba jarinsa ba fargaba. Irin wannan tabbaci muke nema daga ma'aikatarka. Allah ya taya ka riƙo, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam,
Ɗan kasuwar hatsi daga kudancin Kano