Bakin Kanal Shi Ne Bakin Tekunmu

Ya ku 'yan'uwa malamai da attajirai, muna so mu yi muku magana a kan ruwa.

Labari ya daɗe da zuwa mana daga birnin Mumbai na ƙasar Indiya, cewa akwai wani bakin teku da ake kira Versova, wanda shara ta binne shi, leda da robobi da tsummoki, har a wasu wurare tulin ya kusa kai tsayin mutum. A shekarar 2015 wani lauya mai suna Afroz Shah ya tashi shi da wani dattijo maƙwabcinsa, suka fara kwashewa da hannu kowane ƙarshen mako. Sannu a hankali jama'a suka taru a bayansu. Zuwa shekarar 2018 aka ga 'ya'yan kunkurun teku suna fitowa daga yashin wurin, abin da aka yi kusan shekara ashirin ba a gani ba.

To, wani zai ce ina ruwan mutumin Kura da teku? Lalle ba mu da teku, amma muna da gaɓa. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta kanal zuwa gonakin Bunkure da Kura da Kadawa da Garun Malam, ƙasar da a da take kwana da rani ta koma tana ba da shinkafa da alkama da tumatir. Wannan ruwa shi ne arzikin da ya cika Kwanar Gafan da motoci. Amma a tafi a duba bakinsa a yau. Ledar fiya wata ce jere kamar an shuka ta. Manomi ya gama feshi, ya wanke tankinsa a ciki, ya jefa kwalbar magani. Mai babur ya wanke nasa, baƙin mai yana yawo a kan ruwa. Can ƙasa kaɗan kuma ga yara suna wanka, ga mace tana ɗauraye kwanoni, ga mai alwala ya tsuguna.

Malamai sun fi mu sani, tun daga Ishmawi ake koya wa almajiri cewa ruwan da najasa ta sāke masa launi ko ɗanɗano ko wari ya fita daga ruwan tsarki. Sai dai maganin feshi yana iya shiga ruwa bai sāke masa kama ba, ga shi kuwa guba ne. Har wa yau, inda shara ta haɗu da kacala ta toshe hanya, sai ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ya sami gida. Yaro mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan cutar ya shiga dodon koɗi, ya fito ya huda fatar wanda ya shiga bayansa. Kowane mai makarantar allo a wannan yanki ya san almajirin da ya zo masa da fitsarin jini.

Kuma ruwan nan ba a wurinmu yake tsayawa ba. Abin da ya saura daga gonaki yana komawa Kogin Kano, ya haɗu da Calawa, ya wuce Wudil da Haɗeja, ya bi Komadugu ya nufi Tafkin Cadi. Abin da muka jefa da safe, wani bawan Allah ne zai sha shi wata rana, ba mu san shi ba balle mu nemi gafararsa.

Dattin majemun Sharaɗa da Calawa ya fi ƙarfin talaka, wannan aikin hukuma ne, muna kuwa tuna mata. Amma na bakin kanal namu ne, gyaransa a hannunmu yake. Ku attajirai, daga shagunanku ledar nan da kwalaben nan suke fitowa. Mai sayar da maganin feshi ya ajiye buhu a bakin shago, ya ce wa manomi ya dawo da kwalbar da ta ƙare, ya rage masa wani abu a ciniki na gaba. Ku malamai, ku ake saurare ran Juma'a. A faɗa wa jama'a ƙazantar da ruwan mutane zalunci ne, a hana almajirai biyan bukata a gaɓa, a haƙa musu masai a makaranta. Masu unguwanni da ƙungiyoyin manoman rani su sa ranar gayya, kowane gari ya share sashen da ya ratsa ta ƙofarsa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mutum biyu suka fara na Mumbai. Mu muna da masallatai da makarantu da kasuwanni a kowane ƙauye, saboda haka ba mu da hanzari. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar ruwan da ya ba mu, ya kare zuriyarmu daga cuta. Amin. Wassalam.